Ɗigon Tawadar da ke Ɗauke da Lantarki

A shekarar 1977 ne Hideki Shirakawa da Alan MacDiarmid da Alan Heeger suka nuna cewa roba ma tana iya ɗaukar wutar lantarki idan an haɗa ta da wasu sinadarai, binciken da ya kai su ga lambar yabo ta Nobel a 2000. A wannan shekarar ta 2000 kuma Henning Sirringhaus da abokan aikinsa a Jami'ar Kambirij ta Ingila suka buga taransista da firintar feshin tawada. Tawadar tasu ita ce PEDOT:PSS, wata roba mai duhun shuɗi da ta samo asali daga kamfanin Bayer na Jamus a ƙarshen shekarun 1980, wadda ake sayarwa a dame cikin ruwa. Tun daga lokacin ake burin a riƙa buga hanyoyin lantarki a kan leda kamar yadda ake buga rubutu. Sai dai burin gaba ɗaya ya rataya ne a wuyan ɗigon da ke fita daga bakin firinta, kuma a ganina halin ruwan tawadar ne ke yanke hukunci a wannan wuri, tun kafin a zo maganar ingancin na'ura.

Ramin da tawada ke fitowa bai fi faɗin mikiromita 20 zuwa 50 ba. Idan an matsa ta, sai ta leƙo da kai mai zagaye tana jan doguwar jela, tana gudun mita 5 zuwa 10 a daƙiƙa, alhali tazarar da ke gabanta kusan milimita ɗaya ce. A cikin wannan ɗan taƙi dole jelar ta tsinke, ta tattaro kanta, ta cim ma kan. In tawadar ta yi kauri da yawa, ba ta ko fita. In ta yi tsululu, jelar sai ta daddatse ta zama 'yan ƙananan ɗigo masu bin baya, abin da Lord Rayleigh ya yi wa lissafi tun 1878. A kan takarda wannan ɗan tabo ne da ido ba zai kula ba. A kan hanyar lantarki kuwa, ɗigo ɗaya da ya faɗa tsakanin layuka biyu ya isa ya haɗa su, na'urar ta mutu. Shi ya sa yawancin firintocin wannan aiki suka fi son tawadar da ta ninka ruwa kauri kamar sau 10, wadda kuma ƙarfin da ke ɗaure samanta bai kai rabin na ruwa ba.

Wani zai ce ai an gama da wannan tuntuni. Wolfgang von Ohnesorge ya haɗa kauri da nauyi da ƙarfin saman ruwa cikin lamba guda a 1936, kuma a 2000 Reis da Derby suka nuna cewa in lambar da ake kira Z, wadda aka samo daga ta Ohnesorge, ta tsaya tsakanin 1 da 10, ɗigo kan fito lafiya. Wannan ma'auni yana da amfani ƙwarai, amma an gina shi ne a kan ruwan da kaurinsa ba ya canzawa. Tawadar roba ba haka take ba. Stephen Hoath da abokan aikinsa a Kambirij sun ɗauki hoton fitar PEDOT:PSS, suka ruwaito a 2012 cewa tana sakin kauri a daidai lokacin da ake matsa ta cikin rami, sannan ta sake kamawa da zarar ta fita, abin da ke hana jelar daddatsewa. Ke nan kaurin da aka auna a kwalba ba shi ne ke aiki a bakin rami ba. Ga kuma yauƙi. Robar da ƙwayoyinta ke da dogon zare, ko kaɗan aka sa, tana jan silili kamar miyar kuɓewa, jelar ta ƙi tsinkewa, ta rage wa ɗigon gudu, wani lokaci har ta janye shi ya koma inda ya fito. Lambar Z ba ta ganin wannan.

Wasu kuma suna cewa a gyara bugun lantarkin da ke matsa tawadar, ko a ɗumama kan firinta, komai zai daidaita. Lallai hakan na taimakawa, amma iyakarsa kusa take. Ɗumi yana rage kauri, yana kuma hanzarta bushewar tawada a bakin rami har ya toshe. Sinadaran da ake ƙarawa kamar DMSO, waɗanda ke ninka ƙarfin ɗaukar lantarkin PEDOT:PSS sau ɗaruruwa, su ma suna taɓa kauri da ƙarfin saman ruwan, don haka gyaran da aka yi wa lantarki yana iya ɓata ɗigo. Tawadar kanta mai tsami ce, tana cin wasu sassan ƙarfe na firinta.

Duk ɗakin binciken da ke son shiga wannan fage, to ya fara tanadar kyamarar da ke ɗaukar ɗigo yana cikin iska, ya auna tawadarsa a irin saurin da za ta yi aiki, kafin ya zuba kuɗi a firinta mai tsada.