Ficewar Nijar daga ECOWAS: ina ta bar 'yan kasuwar Kano?

A ranar 29 ga watan Janairun 2025 ne ficewar ƙasashen Nijar da Mali da Burkina Faso daga ƙungiyar ECOWAS ta tabbata, shekara guda bayan da shugabannin mulkin sojan ƙasashen uku suka bayar da sanarwa.

Ga manyan 'yan kasuwar da ke zaune a unguwar Nassarawa GRA a Kano, waɗanda motocinsu ke bin hanyar Katsina da Jibiya zuwa Maraɗi, batun ya wuce siyasa, domin kuwa hatsi da dabbobi da atamfa sun daɗe suna bin wannan hanya tun kafin a shata iyaka.

A takarda dai sauyin bai yi yawa ba. A ranar da ficewar ta fara aiki, ECOWAS ta nemi ƙasashenta su ci gaba da karɓar fasfo da katin shaidar 'yan ƙasashen uku, su kuma bar kayansu a cikin tsarin rangwamen kuɗin fito, har sai an sake shawara.

To amma wannan alfarma ce, ba yarjejeniya ba, kuma ɗan kasuwar da zai zuba miliyoyin naira a kan kaya ya san bambancin.

A watan Oktoban 2024 gwamnatin Janar Abdourahamane Tiani ta haramta fitar da hatsi irin su gero da dawa da wake zuwa ƙasashen waje, in ban da Mali da Burkina Faso. Wannan ya taɓa kasuwar Dawanau kai tsaye, wadda ta saba karɓar wake daga Nijar. A watan Mayun 2025 kuma, gab da babbar Sallah, Nijar ta hana fitar da dabbobi, a daidai lokacin da ake neman ragunan layya.

Kafin nan, a watan Maris na 2025, ƙawancen ƙasashen uku na AES ya sanya harajin kashi 0.5 cikin 100 a kan kayan da ake shigowa da su daga waje. Adadin ba shi da yawa, sai dai yana nuna inda aka dosa.

Ba daga ɓangare guda matsalar ta faro ba. Najeriya ce ta rufe iyaka ta kuma yanke wa Nijar wutar lantarki bayan juyin mulkin Yulin 2023, har zuwa watan Maris na 2024. A tsawon watannin, kaya da dama sun koma bin ɓarauniyar hanya, abin da ya ƙara kuɗin dako, ya kuma fi cutar da mai biyan kwastan bisa ƙa'ida.