Gyaran Ƙunshin Tsare Gida Kafin Shiga Gasar Kati

A zangon karatun da ya wuce mun ƙwace wasu katuna masu zanen dodanni a hannun yara biyu da ke wasa da su a ƙarƙashin benci, alhali ana tsakiyar darasin lissafi. Da muka tambaye su dalili, sai ɗayan ya ce ai su ma lissafin suke yi. Mun ɗauki maganar rainin wayo, amma da muka bi diddigin irin wannan wasa sai muka tarar yaron bai yi ƙarya duka ba. Saboda haka a wannan fitowa za mu leƙa inda manya ke yin sa a matsayin gasa, mu ga yadda gwanaye ke shirya kayansu tun kafin ranar ta zo.

Uban ire-iren waɗannan wasanni shi ne Magic: The Gathering, wanda wani masanin lissafi ɗan Amurka, Richard Garfield, ya ƙago, kamfanin Wizards of the Coast kuma ya fitar da shi a 1993. Daga bayansa ne na Japan suka biyo, wato Pokémon a 1996 da Yu-Gi-Oh! a 1999. Bambancinsa da kartar da muka sani shi ne, a karta tari ɗaya ake rabawa kowa, a nan kuwa kowane ɗan wasa da nasa ƙunshin yake zuwa, wanda ya zaɓi katunansa ɗaya bayan ɗaya daga cikin dubbai. Ke nan rabin gasar a gida ake yin ta.

Dokokin a taƙaice

Ƙunshi ba ya gaza kati 60, kuma ba a sa kati iri ɗaya fiye da 4, in ban da katunan ƙasa na asali. Kowa yana farawa da maki 20 na rai da kati 7 a hannu. A kowane juyi, wato in wasa ya zo hannun mutum, zai ɗauki kati ɗaya daga saman ƙunshinsa, kuma yana da damar ajiye katin ƙasa ɗaya tak. Katin ƙasa kamar gona yake, duk juyi yana ba da ƙarfi guda, da wannan ƙarfi ake biyan kuɗin sauran katuna. Wanda ransa ya ƙare ya faɗi, haka ma wanda ya zo ɗaukar kati ya tarar ƙunshinsa ya ƙare.

Wasu 'yan wasa kan cika ƙunshinsu da ƙananan mayaƙa masu araha, su auka wa abokin karawa tun bai shirya ba. Waɗannan su ne masu farmaki. Mai tsare gida kuwa ba ya gaggawa. In an fito da mayaƙi ya kawar da shi, in an jefo kati mai haɗari ya hana shi sauka, in fili ya cika ya share shi da kati ɗaya. Sai hannun abokin karawa ya bushe, sannan ya fito da abin da zai gama wasan.

Wanda ya fara tsara wannan salo sosai shi ne Brian Weissman, ɗan Amurka, a tsakiyar shekarun 1990. Mayaƙa biyu kacal, masu suna Serra Angel, ya dogara da su wajen cin wasa, sauran duk na karewa ne da na ƙara kati a hannu. Karatunsa shi ne, duk wanda katinsa ɗaya ke cinye biyu na abokin karawa, to komai daɗewa shi ne da nasara. Babbar gasar ƙwararru ta farko, Pro Tour da aka yi a Niyok a 1996, da irin wannan ƙunshi mai launin fari da shuɗi Michael Loconto ya cinye ta.

To amma ga inda gizo ke saƙa. Katin mai farmaki ko da wa ya haɗu aikinsa ɗaya ne, duka. Katin mai tsare gida magani ne, magani kuwa sai ya dace da cuta. Katin kashe mayaƙi ba shi da amfani gaban wanda bai zo da mayaƙi ba. Shi ya sa ƙunshin da ya ci gasa a watan jiya zai iya shan kashi a wannan wata ba tare da an taɓa kati ko ɗaya a cikinsa ba, don kawai mutane sun sake abin da suke zuwa da shi. In kiɗa ya canja, dole rawa ta canja.

A fara da gona

Kuskuren da sabon shiga ya fi yi shi ne rage katunan ƙasa don ya sami wurin cusa katuna masu ban sha'awa. Bari mu kawo lissafin kamar yadda muke yi a allo. Da yawa daga cikin katunan share fili kuɗinsu ƙarfi 4 ne, don haka mai tsare gida yana son ƙasa 4 a juyi na huɗu. In shi ya fara wasa, kati 10 ya gani zuwa lokacin. Idan ƙasa 24 ce cikin 60 ɗinsa, zai sami abin da yake nema kamar sau 63 cikin 100. Idan ya mai da su 26, sai ya koma kamar sau 72 cikin 100. Wannan lissafi bai haɗa da damar sake hannu ba, amma ya isa ya nuna cewa kati 2 kawai sun ceci wasa 9 cikin 100. Dalili ke nan da ya sa masu tsare gida kan riƙe ƙasa 25 zuwa 27, alhali mai farmaki kan wadatu da 20 zuwa 22.

Yawan ƙasa kaɗai bai wadatar ba, sai an duba launinta. Katin hanawa da ake kira Counterspell yana bukatar shuɗi 2. Katin shara mai suna Supreme Verdict yana bukatar fari 2 da shuɗi 1 da ƙarin guda na kowane launi. Wanda ya haɗa su a ƙunshi ɗaya dole ya nemi ƙasashe masu ba da launi biyu. Su kuma da yawansu ba sa aiki a juyin da aka ajiye su, kuma jinkirin juyi guda gaban mai farmaki yana iya zama ajali. Frank Karsten, ɗan ƙasar Holan, gwanin wasa kuma masanin lissafi, ya yi suna wajen fitar da jadawalin wannan al'amari, 'yan gasa da dama da shi suke auna nasu.

Guda nawa za a sa?

Bayan an ware ƙasa 26, wuri 34 ya rage, kuma duk katin da ya shiga wani ya tura waje. Ga ma'aunin. Cikin kati 10 na farko, katin da aka sa guda 4 zai zo hannu kamar sau 53 cikin 100. Guda 3, sau 43. Guda 2, sau 31. Guda 1, sau 17. Saboda haka abin da ake bukata da wuri, irin maganin mayaƙa mai araha, shi ake cikawa 4. Abin da sai wasa ya yi nisa ake nemansa, 1 ko 2 ya isa, domin in ya zo tun farko zama zai yi a hannu yana cin wuri.

Sannan sai a yi kirdadon taron. A ce mutum 100 za su zo, ana sa ran 40 masu farmaki ne, 25 masu tsare gida, sauran kuma gauraye. To nan sai a ƙara magunguna masu kuɗin ƙarfi 1 da 2, a rage katunan hanawa masu tsada. In kuwa labari ya nuna masu tsare gida ne za su yi yawa, sai a juya. Gwanaye kan duba sakamakon gasannin makonnin baya, kamar yadda ɗan kasuwa ke tambayar farashi kafin ya ɗaura kaya.

'Yan ko-ta-kwana

Karawa ɗaya wasa uku ce, wanda ya ci biyu ya yi nasara. Doka ta yarda a riƙe kati har 15 a gefe, waɗanda ake musanyawa bayan wasan farko. Idan muka lura, aƙalla rabin wasannin da mutum zai buga a gasa da waɗannan 'yan ko-ta-kwana zai buga su. Duk da haka da yawa sai daren gasa suke tsinto su.

Hanyar da ta fi ita ce a fara da tambayar me zai fita. A ɗauki kowane irin abokin karawa, a ƙirga katunan da suka zama matattu a gabansa. In guda 6 ne gaban ɗan'uwansa mai tsare gida, to sai a tanadi 6 da za su maye gurbinsu, ba 9 ba, ba 3 ba. A rubuta wannan a takarda, domin dokar gasa ta yarda a duba ɗan rubutu tsakanin wasa da wasa. Haka nan a sani cewa ba kullum mai tsare gida ke tsare gida ba. Mike Flores ya yi wani shahararren rubutu a 1999 inda ya nuna cewa a kowace karawa sai mutum ya gane ko shi ne mai kai hari ko mai karewa, kuma wanda ya ɗauki matsayin da ba nasa ba yakan faɗi. In abokin karawa ya fi ka ƙarfi a dogon wasa, jira ba naka ba ne.

Agogo ma abokin gaba ne

Wannan shi ne abin da ya fi cin masu haƙuri. Minti 50 ake ba kowace karawa. In lokaci ya cika sai a ƙara juyi 5, in ba a gama ba a tashi haka. Nasara maki 3 ce, canjaras maki 1. Wanda ya yi canjaras biyu ya zubar da maki 4, ya fi wanda aka ci sau ɗaya asara, kuma sau da yawa wannan ke hana mutum shiga cikin 8 na ƙarshe. In kuma ya ɓata minti 35 a wasan farko aka ci shi, na biyu bai ƙare ba, to karawar ta tafi.

Don haka tambayar katin gamawa nawa za a sa ba ƙarama ba ce. A watan Agustan 2014, a birnin Portland na Amurka, Ivan Floch ɗan ƙasar Sulobakiya ya ci Pro Tour da kyautar dala 40,000 da ƙunshin da babu katin mayaƙi ko ɗaya cikin 60 ɗinsa. Daga cikin dabarunsa akwai kati guda, Elixir of Immortality, mai mayar masa da katunan da ya riga ya yi amfani da su cikin ƙunshi, ta yadda nasa ba ya ƙarewa. Abin ya yi kyau a hannun gwani mai saurin yanke shawara. Wanda hannunsa ke da nauyi, in ya kwaikwayi wannan, canjaras zai yi ta tarawa. Gara ya ba da wuri 2 ko 3 ga abin da ke gama wasa cikin 'yan juyi, kuma ya koyi sallama wasan da ya riga ya lalace don ya tsira da mintocinsa.

Kamfanin ma bai ɗauki zancen lokaci da wasa ba. A 2017 ya haramta katin Sensei's Divining Top a rukunin gasar da ake kira Legacy. Dalilan da ya bayar sun haɗa da rinjayen da wani ƙunshin tsare gida mai suna Miracles ya yi, da kuma yadda katin ke jan wasa har gasa ta yi ta makara.

Gwaji da littafin rubutu

Sai an gwada akan san na ƙwarai, amma gwajin ma yana da ƙa'ida. Yaro zai sake kati ɗaya, ya ci wasa 7 cikin 10, ya ce ya gano sirri. Mu kuwa mun san cewa ko kwabo aka jefa sau 10, kamar sau 17 cikin 100 fuskar da aka zaɓa za ta fito sau 7 ko fiye. Wasa 10 ba hujja ba ce. Abin da gwanaye ke yi shi ne su sake kati 1 ko 2 a lokaci guda, su buga da yawa da abokin gwaji mai ƙarfi, su riƙa rubuta wane kati ne ya mutu a hannu, wane ne suka yi ta fata bai zo ba. Wannan rubutu ya fi ƙirga ci da faɗuwa faɗin gaskiya. A ƙarshe a rubuta jerin katunan daidai a takardar rajista, domin a manyan gasa in jeri ya saɓa da abin da ke hannu akwai hukunci.

Ga iyaye masu tambaya ko wannan ba caca ba ce, abin da muka sani shi ne dokar gasar Magic ta hana yin fare a kan wasa da sayen nasara, wanda aka kama hukunta shi ake yi. Amma katunan kuɗi ne da su, kuma ana sayar da su cikin rufaffen ƙunshi wanda mai saye bai san me ke ciki ba, don haka sa ido kan aljihun yaro da lokacin karatunsa wajibi ne.

Mun mayar wa yaran nan biyu katunansu ranar da aka yi hutu, tare da aikin gida: kowa ya ƙirga ƙunshinsa, ya lissafo mana sau nawa cikin 100 katin da ya fi so zai zo hannunsa a ɗaukar farko. Ɗaya ya kawo amsa daidai, ɗayan kuma ya ce a ƙara masa mako guda. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.