Abin Da Ya Riƙe Gwamnati Bayan Kawar Da Janar Gowon

Ran 29 ga watan Yuli, 1975, Janar Yakubu Gowon yana halartar taron Ƙungiyar Haɗa Kan Afirka a Kampala, sai Kanar Joseph Garba ya ba da sanarwa ta gidan rediyon Ikko cewa an kawar da shi daga mulki. Ba a zub da jini ba. Amma da yake shekara biyar kacal ke nan da gama yaƙin basasa, tambayar da ke bakin jama'a ita ce ko sabuwar gwamnati za ta zauna da gindinta.

Hafsoshin da suka shirya juyin mulkin sun danƙa ragama a hannun Birgediya Murtala Muhammed, bisa sharaɗin zai yi aiki tare da Birgediya Olusegun Obasanjo da Birgediya Theophilus Danjuma, kuma manyan shawarwari sai Majalisar Ƙoli ta Soja ta amince. Watau dai tun daga farko ba a ɗora wa mutum ɗaya jinkar ba.

Abu na biyu shi ne alkawari mai rana. A 1974 Janar Gowon ya janye alkawarinsa na mai da mulki hannun farar hula a 1976, abin da ya zubar masa da daraja ƙwarai. Shi kuwa Murtala, ran 1 ga Oktoba, 1975, ya tsai da 1 ga Oktoba, 1979. Ya naɗa kwamitin tsara tsarin mulki a ƙarƙashin Cif Rotimi Williams, ya soke ƙidayar 1973 wadda ta jawo gardama, sa'an nan a watan Fabrairu, 1976, ya mai da jihohi 12 suka zama 19, ya kuma amince a ƙaurar da hedkwatar ƙasa zuwa Abuja.

To, amma ma'aikatan gwamnati sun ji a jikinsu. An sallami fiye da mutum 10,000 daga aiki, da yawansu ba tare da an saurari ta bakinsu ba. Jama'a sun yi murna, sai dai ma'aikaci ya daina ganin kujerarsa da tabbas, kuma aikin gwamnati ya daɗe bai warke daga wannan rauni ba.

Ranar gwaji ta zo ran 13 ga Fabrairu, 1976, sa'ad da sojojin Laftanar-Kanar Buka Suka Dimka suka harbe Janar Murtala a Ikko yana kan hanyar ofis. Kafin faɗuwar rana an murƙushe tawayen. Majalisar Ƙoli ta naɗa Obasanjo, aka ɗaga Shehu Musa 'Yar'aduwa ya zama mataimakinsa domin hankalin Arewa ya kwanta.

Shugaba ya rasu bayan wata shida da rabi a kan mulki, amma majalisa da jadawalin da ya bari suka ci gaba da aiki. Ran 1 ga Oktoba, 1979, daidai ranar da aka ɗiba, aka rantsar da Alhaji Shehu Shagari.