Hajiya Gambo Sawaba da Rabon Mata a Siyasar Talakawa

Duk wanda ya bincika tarihin jam'iyyun neman sauyi na ƙarnin da ya gabata zai tarar cewa waɗanda suka fi riƙon aƙidar daidaito da gaske, suka kuma fi shan azaba a kanta, galibi mutane ne da al'umma ta ajiye a gefe, ko saboda asali, ko addini, ko kasancewarsu mata. A ƙasar Iran, bayan an kafa jam'iyyar Tudeh a 1941, Yahudawan Tehran da dama, maza da mata, sun shige ta domin ba ta bambanta ɗan ƙasa da addininsa. Mu kuwa a ƙasar Hausa, ba mu da misalin da ya wuce Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya.

An haife ta a 1933, aka raɗa mata suna Hajaratu, amma Gambo ya bi ta saboda ta biyo tagwaye. Mahaifinta mutumin ƙasar Gana ne wanda aikin jirgin ƙasa ya kawo Zariya, mahaifiyarta kuma Banufiya ce; watau a idon masu ƙidayar nasaba, baƙuwa ce ta kowace fuska, ba ta da gidan sarauta da za ta jingina da shi, ba ta da zuriyar malanta da za ta kāre ta. Ta yi maraici tun tana ƙarama, karatunta bai yi nisa ba, aka yi mata aure tana da shekara 13. To, da aka kafa NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950, jam'iyyar da Malam Aminu Kano ya zama jagoranta, wadda ta fito fili ta ce tsakanin talakawa da masu riƙe da mulkin En'e akwai saɓanin maslaha wanda lallashi ba zai kawar ba, sai wannan yarinya ta shige ta tun ba ta cika shekara ashirin ba, har ta zama shugabar matanta.

Abin da ya sa na fi ganin girmanta shi ne ta yi gwagwarmaya don ƙuri'ar da ita kanta ba ta da ikon jefawa. Tana bi gida-gida, tana shiga wurin matan kulle inda namiji ba ya isa, tana yi musu bayanin haraji da aikin tilas da illar aurar da yarinya tun ba ta yi wayo ba. Ta kuma yi tattaki har Abeokuta domin ta ga yadda Funmilayo Ransome-Kuti ta haɗa kan matan kasuwa. Sakayyar da ta samu ita ce gurfana gaban alƙali, da kora daga Kano, da dukan ƴan banga, da ɗauri, wanda aka ruwaito ya kai sau 16. Abokan hamayya kuwa, da suka rasa hujja, sai suka koma ga makamin da ake yi wa kowace mace mai magana a bainar jama'a, wato ɓata mata suna da tuhumar mutuncinta, alhali shari'ar da suke iƙirarin karewa ta yi tsananin hani ga ƙazafi.

Mutanen Tchaké da sauran ƙasar Mayahi da Tasawa a Nijar ba baƙin wannan kalma ta sawaba da ke cikin sunanta ba ne, domin ita ce sunan jam'iyyar Djibo Bakary, wadda ta nemi a ce a'a a ƙuri'ar raba gardama da Faransa ta shirya ranar 28 ga Satumba, 1958, aka haramta ta a 1959, magoya bayanta da yawa suka tsallaka iyaka suka sami mafaka wurin ƴan NEPU a Kano. Amma akwai wani bambanci da ya kamata a yi tsokaci a kansa. Dokar da Faransa ta yi a 1956 ta ba kowane baligi na Nijar, mace da namiji, ikon zaɓe. Saboda haka matar da ke daka gero a Tchaké ta riga ƴar uwarta ta Katsina samun ƙuri'a da shekara ashirin cur, duk da cewa harshensu ɗaya, addininsu ɗaya, kasuwa ɗaya suke ci. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa hanin da aka yi wa matan Arewacin Nijeriya hukuncin masu mulki ne, ba nassi ba.

Sai a 1976 aka ba su wannan haƙƙi, suka fito zaɓen 1979 da yawan da ya ba masu cewa ba su damu da siyasa ba kunya. A wannan zamani Gambo ba ta bi Malam Aminu zuwa PRP ba, ta shiga GNPP ta Waziri Ibrahim, ta riƙe muƙamin mataimakiyar shugaba. Allah ya yi mata rasuwa a watan Oktoba na 2001, kuma babban asibitin gwamnati da ke Ƙofar Gayan a Zariya yana ɗauke da sunanta.