Tsohuwar Babbar Mota: Abin Da Mai Saye Zai Auna Kafin Ya Kwance Lalita

Tun kafin gari ya waye sosai hanyar da ta ratsa Orozo kan cika da motoci. Galibin masu su ma'aikatan gwamnati ne da 'yan kasuwa da malaman makaranta, waɗanda tsadar haya a tsakiyar Abuja ta turo wannan gefe, suka zauna tare da Gbagyi 'yan asalin wurin. Kowannensu so yake ya wuce Kurudu da Jikwoyi da Karu, ya faɗa babbar hanyar Keffi a Nyanya kafin cinkoso ya tsananta. A cikin jerin ba a rasa Marsandi da Lexus da BMW masu sheƙi, waɗanda da yawansu sun ba shekara 15 baya.

Amma wanda ya kutsa cikin unguwa zai tarar da 'yan'uwan waɗannan motoci a gindin mangwaro, an lulluɓe su da tamfol, tayoyi sun sace, kaji sun mai da ƙarƙashinsu akurki. Kowace ɗaya daga cikinsu kuwa kuɗin wani ne: ko adashin shekaru, ko kuɗin sallama daga aiki, ko fili da aka sayar. Mutanen da sun san cewa sayen doki ba shi ne wahala ba, wahalar tana wajen harawa da dusa da kanwa. Haka al'amarin babbar mota yake, sai dai ita cimarta ta fi ta doki tsada.

YADDA AKA FARO

Sha'awar Marsandi tsohuwa ce a ƙasar nan. A cikin baƙar Marsandi ne aka kashe Shugaban Ƙasa Janar Murtala Muhammed a Legas ranar 13 ga Fabrairu, 1976. Gwamnatin Janar Obasanjo da ta biyo baya ta tsuke bakin aljihu, ta mai da Fijo motar manyan ma'aikata, tun da yake kamfanin Peugeot na Kaduna ya riga ya fara harhaɗa 504 a 1975. A wancan zamani ma'aikaci kan karɓi rancen mota ya sayi sabuwa fil a leda.

Daga 1986, sa'ad da aka shigo da shirin gyaran tattalin arziki na SAP, darajar Naira ta faɗi, sabuwar mota ta gagari mai albashi. Nan ne kasuwar motocin da aka hau a Turai ta buɗe, aka riƙa kiransu Tokumbo ko 'yan Beljiyam, wasu kuma 'yan Kwatano, saboda ta tashar jiragen ruwan Kwatano suke biyowa, waɗansu har su zaga ta Maraɗi su shigo Katsina da Kano. A farkon 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa. Sa'an nan a ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur. Litar da ake saye ƙasa da Naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kuma ya zuwa Oktoba 2024 ta haura 1,000 a Abuja. Dala ma, wadda take wajen Naira 460 a farashin gwamnati kafin Yunin 2023, ta wuce 1,500 a 2024. Da yake kusan duk kayan gyara da Dala ake shigo da su, sai riƙon babbar mota ya ninka.

Abin mamaki a nan shi ne, manyan motoci sun fi ƙanana saurin faɗuwar daraja. Sau da yawa za a ga tsohuwar Marsandi ta sarauta kuɗinta bai kai na Corolla sa'arta ba. Dalili kuwa, kasuwa ta san abin da mai saye bai sani ba: kuɗin motar ya faɗi, amma kayan gyaranta suna nan a farashin motar attajiri.

HANYA CE ALƘALI

Tambayar farko da ya kamata mazaunin Orozo ya yi wa kansa ita ce, wace hanya motar za ta riƙa bi kullum? Hanyar Apo zuwa Karshi, wadda aka sa ran za ta rage wa wannan yanki cinkoson Nyanya, an ba da kwangilarta tun 2011, ta kuma shafe fiye da shekara goma ba a kammala ta ba. Tafiyar tsaya-ka-matsa a cikin zafin bazara ita ce ta fi kome gajiyar da inji da lagireto da akwatin giya. Ga kuma tudun rage gudu, ga ramuka, ga layukan cikin unguwa da ruwa kan zaizaye da damina. Motar da cikinta ya yi ƙasa ainun, ko mai siraran tayoyi a kan manyan ƙafafu, kullum tana wurin mai faci da mai gyaran ƙafa.

Sai lissafin mai. A ɗauka zuwa ofis da dawowa kilomita 60 ne, kwana 22 a wata, watau kilomita 1,320 ke nan. Motar da ke yin kilomita 10 da lita ɗaya za ta sha lita 132. Mai yin kilomita 7 za ta sha kimanin 189. Mai silinda takwas, wadda a cinkoso ba wuya ta sauko kilomita 5, za ta sha 264. In an ƙaddara lita a kan Naira 1,000, tsakanin ta farko da ta ƙarshe akwai ratar Naira 132,000 kowane wata, tun ba a taɓa ko fulogi ɗaya ba. Wannan kuɗin makarantar yara ne a gidaje da yawa.

WACCE ZA A ZAƁA?

Ƙa'idar da ta fi amfani ita ce mutum ya nemi babbar motar da take da 'yar'uwa a cikin motocin talakawa. A nan ne Lexus ES ta yi fice. Kamfanin Toyota ne ya fito da motocin Lexus kasuwa a 1989, kuma a kan ginin Camry aka ɗora ES ta waɗannan shekaru. ES 330 ta 2004 zuwa 2006 injinta iri ɗaya ne da na wasu Sienna da Highlander, ita kuwa ES 350 ta 2007 zuwa 2012 tana da inji mai lita 3.5 wanda ke cikin Camry mai silinda shida da Avalon da RX 350. Saboda haka kayanta suna samuwa a unguwar kanikawa ta Apo, da Panteka a Kaduna, da Ƙofar Ruwa a Kano, balle kasuwar Ladipo a Legas, kuma da wuya a sami bakaniken da bai taɓa kwance irin injin ba.

Duk da haka kowace tana da inda take ciwo. ES 300 da ES 330 bel ne ke riƙe da lokacin injinsu, kuma a wajen mil 90,000, watau kimanin kilomita 145,000, ake canja shi, gara ma a haɗa da famfon ruwa. Wanda bai ga shaidar an canja ba, sai ya sa kuɗin a cikin lissafinsa. Injin ES 300 an san shi da tara daskararren baƙin mai in an yi sakaci da juye. ES 350 kaca take da ita maimakon bel, amma a cikin na farkon fitowa akwai wani tiyon mai na roba da kan fashe, wanda daga baya aka maye gurbinsa da na ƙarfe, kuma gaban wasunsu kan yi danƙo saboda rana. Wanda bai damu da tambari ba, Toyota Avalon za ta ba shi yalwar wuri da taushin tafiya kusan iri ɗaya.

Marsandi kuwa hawa-hawa ce. W124, wadda aka fi sani da V-Boot, an ƙera ta daga tsakiyar shekarun 1980 zuwa tsakiyar 1990, ƙarfe ne na gaske, kanikawan ƙasar nan sun haddace ta, sai dai tsufa ya kama wayoyinta da robobinta. W210 ta 1995 zuwa 2002 tsatsa ce babbar abokiyar gabarta. W211, watau E-Class ta 2002 zuwa 2009, tana da daɗin tuƙi, amma waɗanda suka fito kafin gyaran fuska na 2006 suna da birkin lantarki da ake kira SBC, mai famfo mai tsada, wanda kamfanin da kansa ya daina sa wa motar. Injin V6 na M272 na shekarun farko yana da wani haƙori a ciki mai saurin cinyewa, gyaransa kuwa galibi sai an sauke inji. S-Class ta 1998 zuwa 2005 a kan iska take zaune maimakon sifirin, kuma ran da jakar iskar ta huje, da safe sai a tarar da motar ta gurfana kamar raƙumi. Mai son Marsandi da ƙaramin aljihu ya fi masa kwanciyar rai ya nemi C-Class ko E-Class mai sifirin na ƙarfe.

BMW mota ce ta mai son tuƙi, amma yawancin hanyoyin ruwan injinta na roba ne, zafi kan sa su tsage, kuma zafin inji sau ɗaya ya isa ya lanƙwasa kan silinda. Masu silinda takwas da 7 Series ta 2001 zuwa 2008 sai mai kuɗin ajiya da ƙwararren bakanike na musamman.

RANAR CINIKI

Kada a yi cinikin biri a sama. A je da rana tsaka, da bakaniken da mai saye ya ɗauko da kansa ya kuma biya shi ladansa, domin dillali la'adarsa yake nema, bakin da zai yabi mota ba shi zai faɗi aibinta ba. A nemi a tayar da injin yana sanyi, gama ƙarar kaca da shuɗin hayaƙi a lokacin suke bayyana. A lura ko fitilar gargaɗin inji tana kamawa in an murɗa makulli, ta mutu bayan mota ta tashi. In ba ta kama ba sam, watakila rufe ta aka yi. Motocin da aka sayar a Amurka tun daga 1996 suna da kafar da ake jona na'urar bincike, kuma kuɗin wannan bincike bai kai na taya ɗaya ba.

Kowace mota tana da lambar jiki mai haruffa da alƙaluma 17. Da ita ake bin tarihin motar Amurka ta intanet, a gane ko ta yi mummunan haɗari, ko an juya ma'aunin tafiyarta baya, ko ruwa ya taɓa cinye ta. Bayan guguwar Katrina a 2005, da Sandy a 2012, da Harvey a 2017, ɗimbin motocin da ambaliya ta shanye sun fita gwanjo. Irin wannan mota tana iya yin kyan ɗan maciji, amma wayoyinta a hankali suke ruɓewa. A ɗaga darduma a shinshina, a duba ƙarƙashin kujeru ko akwai tsatsa ko busasshiyar laka. A tuna kuma mil ɗaya kilomita 1.6 ne, watau mil 150,000 kilomita 240,000 ke nan. A leƙa salansa a ga ko an zare abin tace hayaƙin nan da kanikawa ke kira indomi. Tayoyi ma suna da shekaru: alƙaluma huɗu na ƙarshe a gefensu mako ne da shekarar da aka yi su.

Sa'an nan a tuƙa ta tafiya mai nisa da na'urar sanyi a kunne, a hau tudu, a shiga cinkoso, ana duban allurar zafi, ana sauraron yadda giya ke shiga. Daga ƙarshe sai takardu. A tabbatar da takardun kwastan a ofishin Hukumar Kwastan, a gwada lambar jiki da ta takarda, a rubuta yarjejeniyar ciniki gaban shaidu, a canja sunan mai mota a ofishin lasin. Motar da takardunta ba su cika ba, ko kyauta aka ba mutum ta yi tsada.

BAYAN AN KAWO TA GIDA

Mai hankali ba ya zuba duk abin da ya tara a kan kuɗin saye. In miliyan goma gare shi, ya nemi motar miliyan takwas, ragowar ya ajiye domin juyen baƙin mai da man giya, da birki, da batir, da tayoyi, da inshora, wadda mafi ƙanƙantarta ta tashi daga Naira 5,000 zuwa 15,000 a Janairun 2023.

Abubuwa uku ne suka fi kashe manyan motoci a hannun masu su. Na ɗaya, zuba wa akwatin giya kowane irin jan mai, alhali kuwa kowace mota da nata. ES 330 ma da ES 350 ba mai ɗaya suke sha ba. Na biyu, cire abin da ke daidaita zafin inji, da haɗa fanka kai tsaye, da cika lagireto da ruwan rijiya, wanda ke haifar da tsatsa. Na uku, yawon kanikawa: yau Karu, gobe Mararaba, jibi Apo, kowa ya taɓa, ba wanda za a kama. A sami bakanike ɗaya wanda ya san irin motar, a ajiye ɗan littafi ana rubuta ranar kowane gyara da kilomitar da aka yi shi. A kuma kula da gidan man da ake sha, domin masu motoci a Abuja ba su manta da gurɓataccen fetur na Fabrairun 2022 ba.

Ba laifi ba ne mutumin da ya yi shekaru yana aiki ya so motar da zai shiga da mutunci ran Juma'a, ko ya ɗauki iyali zuwa gida da Sallah. Amma mutuncin yana tare da motar da ke tashi kowace safiya ba tare da an taɓa kuɗin cefane ba. Sayen nagari, in ji Hausawa, mai da kuɗi gida. Ga mazaunin Orozo mai bin Nyanya kullum, nagarin ita ce wadda kayanta ke Apo, bakanikenta ke kusa, takardunta suka cika, kuma albashin wata zai iya ciyar da ita.