Abin da Ke Sa Katun Ɗin Kasada Yin Kwantai a Silima

Ranar 16 ga Yunin 2000 kamfanin Fox ya saki Titan A.E., fim ɗin katun da ya ci aƙalla dala miliyan 75. Kwana goma bayan nan aka rufe ma'aikatar zanen da ta yi shi a birnin Phoenix na jihar Arizona, aka sallami waɗanda suka rage a cikinta. Duk abin da fim ɗin ya tara a faɗin duniya bai kai dala miliyan 40 ba. Waɗanda suka shirya shi kuwa, Don Bluth da Gary Goldman, ba sababbin hannu ba ne, don su ne suka yi Anastasia shekara uku kafin nan, ya kuma karɓu.

Da shi kaɗai ne da sai a ce tsautsayi. Amma daga 1999 zuwa 2003 kusan duk babban kamfanin da ya gwada irin wannan fim a Amurka ya ƙone hannunsa. The Iron Giant na Warner Bros. ya tara kimanin miliyan 23 a gida a 1999. The Road to El Dorado na DreamWorks an kashe masa miliyan 95, ya dawo da 76. Treasure Planet na Disney, a 2002, ya lashe miliyan 140, ya tara kimanin 110. Sinbad: Legend of the Seven Seas, a 2003, an ce ya jawo wa DreamWorks asarar miliyan 125. Dukkansu jinsi ɗaya ne: labarin tafiya mai haɗari, da faɗa, da jarumi matashi, ba waƙoƙi ko kuma kaɗan ne.

Mai karatu zai iya tambaya, yaya Sinbad da aka yi da miliyan 60 ya kuma tara 80 zai zama asara? Lissafin silima ba haka yake ba. Masu gidajen kallo suna riƙe kusan rabin kuɗin tikiti. Kuɗin talla kuma ba ya cikin adadin da ake faɗa an kashe, alhali wani lokaci yakan kusa kamo kuɗin yin fim ɗin kansa. Shi ya sa 'yan kasuwar suke ƙiyasin cewa sai fim ya ninka uwar kuɗinsa sau biyu zuwa biyu da rabi kafin a fara maganar riba. Atlantis: The Lost Empire ya tara miliyan 186 a 2001, adadin da ke da daɗin ji, amma Disney ba ta ɗauke shi nasara ba, har ta fasa shirin talabijin da ta tanadar masa.

A ganina babban dalilin yana wurin sayen tikiti. A Amurka an daɗe da kafa wa mutane cewa katun na ƙananan yara ne, kuma yaro ɗan shekara biyar ba ya zuwa silima da ƙafarsa. Uwa ce ko uba ke yanke shawara, su sayi tikiti huɗu ko biyar a tashi ɗaya, su haɗa da gugguru da lemo. Wannan cinikin iyali shi ne ya sa The Lion King ya yi abin da ya yi a 1994. Su kuwa masu katun ɗin kasada sai suka juya wa wannan kasuwa baya, suka nufi samari 'yan shekara goma sha biyu zuwa sha bakwai. Daraktocin Atlantis, Gary Trousdale da Kirk Wise, waɗanda suka yi Beauty and the Beast, da gangan suka cire waƙa suka ƙara fashe-fashe. Titan A.E. yana buɗewa ne da tarwatsa duniya ɗungurungum, ga kiɗan samari yana tashi a baya. Matsalar ita ce saurayi ɗan sha huɗu yana daidai shekarun da yake ƙoƙarin nuna ya girma. Ba ya son abokansa su gan shi a layin katun, musamman in a ɗakin da ke kusa ana nuna fim ɗin faɗa na mutane na gaske. Ita kuma uwa ta ga tallan cike da bindigogi da duhu, ta ce wannan ba na ɗanta ƙarami ba ne. Haka aka tashi babu samarin, babu iyalan, ga shi an kashe kuɗin da sai taron iyali ne kawai zai iya mayar da shi.

Wannan ba a 2000 ya fara ba. Tun 1985 Disney ta gwada da The Black Cauldron, mai ɗauke da rundunar matattu da sarki mai ƙaho, ya tara kusan miliyan 21 kacal a Amurka, har ƙaramin fim ɗin The Care Bears Movie ya fi shi ciniki a shekarar.

Sai maganar ranar fitowa da talla, inda nan ne abin ya fi taɓa ni, domin akwai finafinai masu kyau da aka yi wa sakaci. The Iron Giant na Brad Bird labarin wani yaro ne a jihar Maine a 1957, lokacin da tsoron makamin nukiliya ya cika zukatan Amurkawa, ya haɗu da wani ƙaton mutum-mutumin ƙarfe da ya faɗo daga sama. Akwai wurin da suka tarar da barewa da mafarauta suka harbe a daji, ƙaton ya tsuguna yana taɓa ta da yatsa don ta tashi, yaron yana ƙoƙarin fahimtar da shi mene ne mutuwa. Fim ɗin da ke da irin wannan wuri bai cancanci a jefa shi kasuwa ba shiri ba. Amma Warner ta riga ta karaya bayan faɗuwar Quest for Camelot a 1998, ta makara wajen talla, ta kuma sake shi ranar 6 ga Agustan 1999, rana ɗaya da The Sixth Sense. Sai daga baya, ta hanyar kaset da maimaicin tashar Cartoon Network, jama'a suka gane abin da ya wuce su.

Treasure Planet ma haka. Ron Clements da John Musker sun fara kawo shawararsa tun 1985, aka yi ta ɗage musu, suka yi The Little Mermaid da Aladdin da Hercules kafin a ba su dama. Sun ɗauki Treasure Island na Robert Louis Stevenson suka mayar da shi sararin samaniya: jiragen ruwa na katako masu filafilan da ke shan hasken rana, da wani abu a sama mai kama da jinjirin wata, wanda sai an matso kusa ake ganin ashe tashar jirage ce cike da jama'a. John Silver, ɗan fashin, Glen Keane ne ya zana jikinsa da hannu, hannunsa na ƙarfe kuma aka haɗa da kwamfuta, su biyun suna motsi tare kamar abu ɗaya. Duk wannan aikin aka sake shi ranar 27 ga Nuwamban 2002, ƙasa da mako biyu bayan Harry Potter na biyu, wanda ya riga ya kwashe ainihin yaran da ake nema. Sinbad kuwa ya fito ranar 2 ga Yulin 2003, Finding Nemo na ci gaba da cika silima, bayan mako guda kuma Pirates of the Caribbean ya iso da 'yan fashin teku na gaske.

Ba zan wanke finafinan gaba ɗaya ba. Wasunsu sun fi kula da ƙawata duniyar da suka ƙirƙira fiye da gina mutanen da ke cikinta, mai kallo ya fito yana tuna jirgi amma ya manta sunan jarumi. Sinbad yana da nasa laifin na daban. Duk wanda ya san Dare Dubu da Ɗaya ya san Sindbad mutumin Bagadaza ne, daga Basra yake shiga teku. DreamWorks ta tumɓuke shi daga can, ta dasa shi a duniyar Girkawa, da birnin Syracuse da gunkiyar rikici Eris, ta ba shi muryar Brad Pitt. Abin da ya rage suna ne kawai, labarin ya rasa ƙamshin da zai bambanta shi da saura.

To me kamfanonin suka fahimta daga wannan jerin asara? Sun duba suka ga Shrek, da aka yi da miliyan 60, ya haura miliyan 480 a 2001, Ice Age ya tara 383 a 2002, Finding Nemo ya wuce 800. Duk ukun da kwamfuta aka yi su, waɗanda suka faɗi kuma galibi zanen hannu ne. Sai aka yanke hukunci cewa jama'a sun gaji da zanen hannu. An bar jaki ana dukan taiki. Shrek da Ice Age da Nemo finafinan barkwanci ne na iyali, masu dabbobi da ban dariya, abin da ya sayar da su ke nan. Hujjar tana cikin gidan Disney kanta: Lilo & Stitch, zanen hannu, ya fito a shekara ɗaya da Treasure Planet, an yi shi da miliyan 80, ya tara 273. Ta ɗaya ɓangaren kuma Final Fantasy: The Spirits Within, wanda kwamfuta ce zalla, ya ci miliyan 137 a 2001 ya dawo da 85, ma'aikatar da ta yi shi a Honolulu ta rufe.

Shekara ashirin bayan nan abin ya maimaita kansa, wannan karon babu fensir da za a ɗora wa laifi. A 2022 Lightyear na Pixar ya ci miliyan 200 ya tara kimanin 226, Strange World na Disney kuma ya tsaya a wajen 73. Akwai sababbin dalilai da suka shigo. Lokacin korona an saki Soul da Luca da Turning Red kai tsaye a Disney+, Encanto kuma wata ɗaya kawai ya yi a silima kafin ya isa gida, don haka iyaye suka koyi jira. Lightyear da Strange World sun kuma ƙunshi soyayyar jinsi ɗaya, abin da ya sa aka hana Lightyear a Saudiyya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da wasu ƙasashe, Strange World kuma ba a kai shi yankin ba ma. Wannan ya rage musu kasuwa, amma bai isa ya bayyana girman ramin ba, tunda Strange World bai tara miliyan 20 ba a kwana biyar na farko a cikin Amurka kanta. Tsohon ciwon ne: labarin kasada mai tsada da ba a san wa aka yi wa shi ba.

Abin da ya tabbatar mini cewa matsalar ta al'adar kasuwa ce shi ne Japan da Sin. A Japan babba ba ya jin kunyar shiga katun, domin ya tashi yana karanta littattafan zane da aka rubuta don masu shekarunsa. Spirited Away na Hayao Miyazaki, zanen hannu, shi ya doke Treasure Planet a kyautar Oscar. Demon Slayer: Mugen Train, mai takubba da jini, ya fito a 2020 ya tara kusan miliyan 500, ya fi duk finafinan da suka fito a wannan shekarar ciniki a duniya. Ne Zha 2 na ƙasar Sin ya haura dala biliyan 2 a 2025. Ko a Amurka, Spider-Man: Into the Spider-Verse ya samu samarin da Titan A.E. ya nema ya rasa, amma da jarumin da kowa ya sani da kuma kuɗin da bai wuce miliyan 90 ba.

Waɗanda suka biya kuɗin wannan kuskuren lissafi su ne masu zane, mutanen da suka kwashe shekaru suna koyon yadda ake sa layin fensir ya yi numfashi. DreamWorks ta daina zanen hannu bayan Sinbad. Disney ta rufe ma'aikatarta ta Florida a 2004, wadda ita ce ta yi Mulan da Lilo & Stitch, wato aka rufe gidan da ya kawo riba. Ta sake gwadawa da The Princess and the Frog a 2009, sannan Winnie the Pooh, wanda ta saka ranar 15 ga Yulin 2011, rana ɗaya da Harry Potter na ƙarshe. Tun daga nan ba ta sake fitar da cikakken fim na zanen hannu ba.