Ciyawar bayan gari na ƙarewa: Abin da Gummi, Anka da Bukkuyum za su ɗauka daga Maraɗi

Duk damina ana bikin dashen itatuwa a Zamfara. A kawo dogon yaro da turare a leda, a haƙa rami, a ɗauki hoto. Kafin bazara awaki sun cinye wasu, ƙishirwa ta kashe saura. Abin da ba a cika yi wa biki ba shi ne wanda ke fitowa da kansa idan ruwa ya sauka: gamba, kyasuwa, komayya, tafasa, yaɗiya, lalo da karkashi.

Da gamba ake saƙa zana, kyasuwa da komayya abincin dabbobi ne, tafasa da yaɗiya ana kwaɗo da su, lalo da karkashi kuma na miya. Furanninsu ne kiwon ƙudan zuma, saiwoyinsu ke riƙe ƙasa idan ruwa ya yi ƙarfi. Garin da ke bakin Gulbin Zamfara kamar Gummi, wanda ambaliyar watan Agustan 2024 ta raba dubban mutanensa da gidajensu, ya san abin da ruwa ke yi wa ƙasar da ba ta da riga.

Matsalar 'yan bindiga ta ƙara dagula lamarin. Dajin da mata ke shiga ɗebo ganye ya zama wurin tsoro, garuruwa irin su Anka sun cika da 'yan gudun hijira da dabbobinsu. Ɗan filin da ya rage kusa da gari shi kowa ke yanka, shi ake kiwo, tun ciyawar ba ta zubar da iri ba. Shekara biyu zuwa uku a haka, sai fili ya koma faƙo.

Yadda aka yi a Maraɗi

A jihar Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar, wata ciyawa mai suna garmani ce ta mamaye makiyayu da burtali. Dabbobi ba su damu da ita ba, ga saurin yaɗuwa, ta danne duk ciyawar kirki. Mutanen ƙauyuka suka riƙa fita da hauya da fartanya suna tumɓuke ta kafin ta yi 'ya'ya, sannan su watsa irin kyasuwa da komayya. Inda ƙasa ta yi tauri sai a haƙa ramuka masu siffar rabin wata da ke tare ruwan sama, a zuba irin a ciki.

Ba duka aikin sa kai ba ne. Shirye-shirye irin ProDAF, wanda asusun bunƙasa noma na IFAD ya tallafa wa a Maraɗi, Tawa da Damagaram, sun biya ma'aikata kuɗi. Amma ɓangaren da ya fi wuya, wato gadin filin daga dabbobi har ciyawa ta kafu, kwamitocin ƙauye ne ke ɗauke da shi. Inda gadi ya yi rauni, garmani kan dawo.

Maraɗin dai ita ce inda Tony Rinaudo, ɗan ƙasar Ostareliya, ya fara a 1983 yana nuna wa manoma cewa kututturan da ke gonakinsu da ransu, gyaran toho kawai suke buƙata. An ƙiyasta cewa wannan sassabe ya farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a Nijar, ba tare da leda ko ɗaya ta reno ba.

Har a Ingila, inda aka yi asarar kusan kashi 97 cikin 100 na filayen furannin daji tun daga shekarun 1930, dabarar masu sa kai a lambunan birane ba ta da nisa da wannan. Suna yanko ciyawar da ta nuna daga fili mai kyau, su shimfiɗa a kan wanda ya mutu, iri ya zube da kansa.

Ina filin yake?

Garuruwan nan uku ba su da lambun shaƙatawa irin na Turai, amma suna da gefen filin Idi, harabar makarantu da bakin tafki. Makarantar da ke da katanga ta riga ta warware rabin matsalar gadi. Gayya kuwa ba sai an koya wa Bazamfare ba. Abin da ake buƙata shi ne amincewar mai unguwa da shugaban makaranta, da yarjejeniya da masu dabbobi cewa ba kiwo sai bayan iri ya zube, sannan a yanka a raba ko a sayar.

Akwai gargaɗi ɗaya da ya shafi Anka da Bukkuyum. A nan ne gubar dalma daga sarrafa duwatsun zinare ta kashe yara aƙalla 400 a 2010, har aka kankare saman ƙasa a ƙauyuka irin su Dareta da 'Yargalma, daga baya Bagega a 2013. Filin da aka taɓa niƙa dutse ko shanya shi, ciyawa za ta rage ƙurar da yara ke shaƙa, amma kada a ci ganyensa ko a ba dabbobi sai an gwada ƙasar.

Irin kyasuwa da gamba yana nuna ne da kaka, wajen Oktoba zuwa Nuwamba. A lokacin ake tara shi a buhu, a ajiye inda ba danshi, a jira ruwan farko.